Tiya Ba Ta Ƙarya Sai An Lotsa Mata Gindi

Ƴan kasuwa maza da mata, musamman iyayenmu mata masu awon hatsi da wake da gyaɗa a kasuwannin Baudeta, Kona, Korgom, Hawandawaki, Tasawa har zuwa Mayahi. Yau muna so mu taɓo wata magana da kowa ya san da ita amma ba a cika faɗinta a fili ba, wato maganar awo. Da wuya a ci kasuwa a watse ba a yi cacar baki a kan tiya ko sikeli ba. Mai saye ya ce an tauye shi, mai sayarwa ta rantse ita ba ta yi wa tiyarta komai ba, a taru a ba su haƙuri, kowa ya tafi da zargin ɗan uwansa a zuci. A ra'ayinmu, yawancin wannan rigima ana iya kashe ta da ruwa lita guda da ɗan sanin halin ƙarfe da roba da ƙwayar hatsi. Kuma lokaci ya yi da hukumomin kasuwanninmu za su ajiye ma'auni na gaskiya, wanda kowa zai iya zuwa ya gwada nasa a kai.

Mu fara da tiya. Abin da tiya ke aunawa shi ne yawan wurin da kaya suka cika, shi kuwa sikeli nauyi yake aunawa, kuma waɗannan biyu ba kullum suke tafiya tare ba. Kowace mai awo ta san tiyar hatsi ta fi tiyar riɗi nauyi, ta kuma san tiyar gyaɗa mai ɓawo ba ta kai rabin nauyin tiyar hatsi ba, alhali kwanon ɗaya ne. Dalili shi ne kowane abu da nasa nauyin gwargwadon wurin da ya ci. A lekol ana kiran wannan dansite, amma mu a nan sai mu ce nauyin lita, wato in an cika lita guda da abu, nawa zai yi a kan sikeli. Ruwa kilo 1 yake yi daidai. Man gyaɗa yana yin wajen gram 910 zuwa 920, shi ya sa yake tasowa a kan miya. Fetur wajen gram 740, zuma wajen kilo 1 da gram 400, ƙarfe kusan kilo 8, zinariya kuwa kilo 19 da ɗoriya.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Malam Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973 a yankin da yake cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, ya ƙera wani ɗan tulu mai hanci, ya cika shi da ruwa, yana jefa ƙarfe ko dutse mai daraja a ciki yana auna ruwan da ya zubo. Da haka ya gano zinariya ta fi ruwa nauyi kusan sau 19, kuma lissafinsa bai yi nisa da na masanan yau ba. Bayansa, wajen shekarar 1121, Alkhazini ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma a birnin Marwa, a kan ma'aunin da ake gane tsantsar zinariya da azurfa daga gauraye. Ashe ke nan tun shekaru ɗari tara da suka wuce malamai sun ɗauki tsare hakkin mai saye da mai sayarwa aikin ilimi ne. Uwargida mai tara kuɗin adashinta a ɗan kunne ko awarwaro ta riƙe wannan: tagulla ba ta kai rabin nauyin zinariya ba in girmansu ɗaya, don haka awarwaro mai kauri da ya yi sakayau a hannu abin a sake dubawa ne.

To, mu komo kan hatsi. A ƙasar nan an saba lissafin tiyar hatsi kilo 2 da rabi ce, tiya 40 kuma buhu ne mai kilo 100. Wannan lissafi yana tsayawa ne in hatsin ya bushe, an sheƙe shi da kyau, kuma tiyar ba ta da lahani. In aka bar ƙaiƙayi da ƙwayar da ba ta nuna ba, tiya za ta cika ta yi tozo amma ba nauyi. Haka waken da ƙwaro ya rarake, a ido tiya ce cikakkiya, a tukunya kuwa ba ta kai ba, domin ƙwaron ya cinye cikin ya bar kwanson. Rairayi kuma nasa aikin daban ne: yana shiga ne tsakankanin ƙwayoyin, ba ya ƙara tozon tiya sosai, amma yana ƙara nauyin buhu ƙwarai, saboda ƙwayar rairayi ta ninka ƙwayar hatsi nauyi in girmansu ɗaya. Shi kuwa hatsin da aka yayyafa wa ruwa yana kumbura, ya cika tiya da wuri, ya kuma yi nauyi a sikeli, amma kwana kaɗan sai ya tsotse ko ya yi fumfuna a ɗakin wanda ya saya.

Abin lura a nan shi ne kowane ma'auni da irin ha'incin da yake ɓoyewa. Tiya tana rufa wa ƙaiƙayi da cin ƙwaro asiri, sikeli kuma yana rufa wa rairayi asiri. Amma in aka haɗa su biyu, aka auna tiya guda sannan aka ɗora ta a sikeli, sai kowanne ya tona ɗan uwansa. In ta yi ƙasa da abin da aka saba, a duba ƙaiƙayi ko ƙwaro ko lahani a kwanon. In ta zarce fiye da kima, a tankaɗe a duba rairayi. Babban ɗan kasuwa mai sayen buhu ɗari ya san wannan tuni, shi ya sa ba a cika cutarsa ba. Wadda ake cuta ita ce mai sayen tiya ɗaya ta ci da ƴaƴanta, da manomin da ya kawo ɗan abin da ya rage mishi don ya sayi magani.

Sai maganar kwanon kansa. Kowane abu in aka danna shi ko aka ja shi, ɗayan uku yake yi. Ko ya ba da kai sannan ya koma yadda yake in an sake shi, kamar robar tayar keke da muke ɗaure kaya da ita. Ko ya lanƙwashe ya zauna a haka, kamar gwangwanin da aka taka. Ko kuma ya fashe nan take ba tare da ya lanƙwasa ba, kamar tulu ko kwalba. Roba tana iya miƙewa ninkin tsawonta da yawa ta komo, amma ƙarfe ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba yake wuce iyakarsa, daga nan ba ya komowa. Tiya ƙarfe ce marar kauri. In ta faɗi daga amalanke, ko aka zauna a kanta, ko wani ya ɗauki taɓarya ya ɗan buga mata gindi da gangan, lotsawar ta zauna ke nan, cikinta kuma ya ragu. Wanda ya bubbuge ta daga ciki ya faɗaɗa ta, shi kuma ya samu tiyar saye. Haka ake samun mutum ɗaya da tiya biyu, babba ta karɓa daga manomi, ƙarama ta ba mai cefane.

Kada a raina wannan ɗan lotsawa. A ce tiya ta rasa kashi 1 cikin 20 na cikinta, abin da ido ba zai gane ba a cikin hayaniyar kasuwa. A buhu ɗaya mai tiya 40 an tauye tiya 2 ke nan. In ana sayar da tiya dala 100, jika guda ta tafi a kowane buhu. Uwar da ke sayen tiya ɗaya kullum, duk kwana 20 an cinye mata abincin yini guda, a shekara tiya 18. Mu mutanen jihar Maraɗi da muka ga yunwar 2005, muka ga yadda wuraren kula da yara masu tamowa suka cika, mun san abin da tiya 18 take nufi a gidan talaka a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba.

Ko da kwanon lafiyarsa ƙalau, yadda ake zubawa ma yana da nasa. Hatsin da aka girgiza ko aka danna yana zama ya matse, ya cike gurabun da ke tsakaninsa, sai tiya ta ci fiye da wadda aka zuba a hankali daga sama. Ga kuma tare tozo da hannu. Shi ya sa za ka ga mai saye daga manomi yana buga tiya a ƙasa yana kewaye bakinta da tafin hannu, in ya zo sayarwa kuwa hannunsa ya yi sanyi. Wannan ma tauyewa ce, ko da ba a taɓa ƙarfen ba.

Wasu za su ce to a bar tiya a koma kilo, a huta. Su ma su dakata, domin sikeli ma yana da nasa ciwon. Sikelin rataye da mai fuskar agogo duka da murɗaɗɗiyar waya suke aiki, wadda ake kira sifirin. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya bayyana ƙa'idarta a 1678: gwargwadon nauyin da ka rataya, gwargwadon miƙewar wayar. Kilo 2 yana miƙar da ita ninkin abin da kilo 1 ya yi, allura kuma tana bin wannan miƙewa ne tana nuna lamba. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, ita ce lambar ƙarshe da aka rubuta a fuskar sikelin. In aka rataya buhu mai kilo 100 a sikelin da aka yi don kilo 50, wayar ta wuce iyakarta, ba za ta koma daidai ba, sai ka ga allura ta tsaya a gaban sifili tun ba a ɗora komai ba. Tsatsa kuma tana cin wayar ta sirance ta yi laushi, waya mai laushi kuwa tana nuna nauyin da babu shi. A nan ba mai saye kaɗai ke asara ba. Ɗan kasuwar da ke sayen aya ko riɗi daga manoma da irin wannan sikeli, shi ke biyan kuɗin kilon da bai karɓa ba, bai sani ba.

Maganin wannan yana hannun kowa, kuma ba ya cin ko dala. Tun da aka yanka awon gram da kilo a Faransa a 1795, da ruwa aka yanka shi, har yau kuma lita guda ta ruwa kilo guda ce. Saboda haka gorar ruwan kanti mai lita 1 da rabi wadda ba a buɗe ba, kilo 1 da rabi take yi, robar kanta ba ta kai gram 50 ba. A fara duba allura tana kan sifili, a ɗora gora ɗaya a gani, sannan a ɗora huɗu a ga ko ya nuna kilo 6, a ɗora goma a ga ko ya nuna 15. Dole a gwada da ƙaramin nauyi da babba, domin akwai sikelin da ke faɗin gaskiya a kilo 1 ya yi ƙarya a kilo 10. Sikeli mai faranti biyu da duwatsun awo shi ba ruwansa da waya, amma ana iya goge dutsen ko a rarake shi, ko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Gwajin tsawon hannun shi ne a musanya, kaya su koma inda dutse yake, dutse ya koma inda kaya suke. In bai tsaya daidai a duka biyun ba, akwai magana. Ita ma tiya da ruwa ake gane ta: a cika ta fal da ruwa, a juye a cikin wata tiyar. In ya zube ko bai kai baki ba, ba sai an yi rantsuwa ba, gani ya kori ji.

Masu sayar da mai, ku ma abin ya shafe ku. Gorar roba in aka zuba mata ruwan zafi tana tsukewa ta zauna a haka, alhali tambarin lita yana nan a jikinta. Kwalba kuwa ba ta lotsewa, ko ta fashe ko ta tsaya yadda aka ƙera ta, don haka ita ta fi cancanta a yi awon mai da ita. Jarka mai lita 25 ta man gyaɗa, man da ke ciki wajen kilo 23 zai yi. In ya doshi 25 bayan an cire nauyin jarkar, a karkata a duba gindinta, domin ruwa ya fi mai nauyi kuma ƙasa yake kwanciya. Fetur shi kuma zafi na kumbura shi, kusan kashi 1 cikin 1000 a kowane digiri guda. Daga sanyin safiya zuwa zafin azahar na bazara, lita 25 tana iya ƙaruwa da kusan rabin lita, ga tururinsa yana tura jarka. Wanda ya cika jarka har wuya ya ajiye ta a rana cikin rumfar zana, da wuta yake wasa, ba da dukiyarsa kaɗai ba har da ta maƙwabtansa.

Haka zancen yake ga buhun ajiyar wake mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, masu binciken INRAN na Maraɗi suka yi aikin gwada shi da yaɗa shi tun wajen 2007. Amfaninsa duka yana ga ledoji biyu na ciki da ke hana iska shiga har ƙwaro ya mutu. In aka cusa wake fiye da kima, ko aka ja buhun a ƙasa, ledar tana talewa ta sirance, ba ta komowa, daga nan sai huda. Hudar da ta ratsa ledojin biyu tana iya mayar da wake mai daraja ya zama dusa. Direbobi da masu amalanke su ma sun san sandar ƙarfen da ta lanƙwashe sau ɗaya, ko an miƙe ta da guduma ba ta koma kamar da ba, kuma wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya ƙarshenta tsinkewa. Kwalta ma haka take. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna in aka ninka lodin da ke kan ƙafar mota sau 2, ɓarnar da take yi wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. Wannan ne ya sa ƙasashen UEMOA suka kafa dokar iyakance lodi a 2005. Ramukan da lodi ke haƙawa a babbar hanyar da ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, a kuɗin motar kayanmu muke biyan su.

Mun san abin da wasu iyayenmu mata za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Za su ce ribar mai awo ba ta wuce bambancin tiyar saye da ta sayarwa ba, in an daidaita su da me za ta koma gida? Gaskiya ne ribar ƙanƙanuwa ce, ga kuɗin tikiti, ga na amalanke, ga yini a rana. Amma riba halal ce in an sa ta a farashi, kowa ya ji ya yarda. A saya dala 90 a sayar dala 100 da kwano ɗaya, ba wanda zai ce uffan. Ribar da aka ɓoye a gindin kwano kuwa kowa ya san gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi a kanta. Bayan haka, ita mai awon ma ana yi mata abin da take yi, domin buhun da ta saro a matsayin tiya 40 sau da yawa ba ya kaiwa in ta zo ta auna. In ma'auni ya zama ɗaya, ita ce ta farko da za ta huta. Kuma kasuwar da aka san awonta na gaskiya ne, baƙi daga nesa su ke neman ta, tun daga Maraɗi har Mai'aduwa.

Saboda haka muna kira ga hukumar ƙaramar hukumar Baudeta da takwarorinta na yankunan Tasawa da Mayahi, su ware wani abu daga kuɗin tikitin da ake karɓa kowace ranar kasuwa, a ƙera tiya ɗaya ta ƙarfe mai kauri wadda ba ta lotsewa, a buga mata hatimi, a haɗa da sikeli mai kyau da duwatsun awo na kilo 1 da 5 da 20. A ajiye su a rumfar sarkin kasuwa, duk mai so ya zo ya gwada kyauta. A zauna da masu awo da dillalai da manoma a yanke magana ɗaya a kan tozo da girgizawa, abin da aka yi wa mai kawowa shi za a yi wa mai saye. Hukumar ANMC, wadda aka ɗora wa kula da ma'aunai a ƙasar nan, ta riƙa leƙo kasuwannin ƙauye, domin a nan ne mafi yawan jama'a ke sayen abincinsu. Ƙungiyoyin mata masu adashi su ma ba sai sun jira kowa ba, zubi ɗaya ya isa su sayi sikeli na tarayya. Malaman kwaleji su turo ɗalibansu ranar kasuwa su taya iyayensu gwaji, karatun da suke yi a allo ya sauko ƙasa. Mu kuma ƴan rediyo, in muna karanta farashin da SIMA ke tattarawa a kilo, mu riƙa faɗin abin da ya kama a tiya, don mai sauraro ya san inda ya tsaya.

Iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, ranar kasuwa mai zuwa kowa ya kifa tiyarsa ya dubi gindinta, ya dubi allurar sikelinsa kafin ya ɗora kaya. Wanda ya ga lahani ya gyara tun ba a nuna shi da yatsa ba. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu da cin hakkin juna, amin.